Ihu da Kirari a Zauren Majalisa: Ranar Gabatar da Kasafin Kuɗi a Najeriya



Sashe na 81 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa nauyin kai wa Majalisar Tarayya ƙiyasin kuɗin da za su shigo da waɗanda za a kashe a shekara mai zuwa. Ranar da ake zaman gabatar da wannan ƙiyasi, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 sukan haɗu a zaure ɗaya. Zaman na ƙasa ne, domin kuɗin makarantu da na maganin asibitoci duk suna cikin takardun da ake ajiyewa a gabansu.

Ranar 19 ga Disamba, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya shiga zauren da kasafin naira tiriliyan 8.83. Saura wata biyu zaɓe, kuma shugabannin majalisun biyu, Bukola Saraki da Yakubu Dogara, sun riga sun bar APC sun koma PDP. Da ya ambaci wani aiki da gwamnatinsa ta yi, sai ɓangare guda ya kaure da ihun ƙarya ne, ɗaya ɓangaren kuma ya miƙe tsaye yana tafi yana "Sai Baba". Sai da shugaban ya dakata ya tuna musu cewa duniya na kallonsu. Wanda ya kasa kunne a rediyo ran nan don ya ji nawa aka ware wa ilimi ko noma, hayaniya ya fi ji.

Washegari kowa ya yi tir da masu ihu, kuma sun cancanci haka. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka wanke masu kirari, alhali su ma sun ɗebe wa zaman kwarjininsa. Ɗan majalisar da ya tashi yana jinjina wa shugaba kafin ya buɗe ko shafi ɗaya na kasafin, da wace fuska zai kira minista gobe ya tambaye shi ina kuɗi suka shiga?

Shi ya sa nake ganin abin da ya faru ranar 29 ga Nuwamba, 2023 ya fi na farkon haɗari, ko da yake ba wanda ya zagi wani. Shugaba Bola Tinubu ya zo da kasafin naira tiriliyan 27.5, aka tarbe shi a zauren da waƙar da magoya bayansa suke rera masa a wurin yaƙin neman zaɓe. An yi taro lafiya an tashi lafiya, amma ɗan adawan da ke zaune a wurin an mai da shi baƙo a gidansa, kuma mutanen mazaɓarsa ma harajinsu na cikin kuɗin nan.

Shawarata ga Majalisar Tarayya ita ce ta rubuta ƙa'idar zaman haɗin gwiwa a cikin dokokinta: kada a rera komai sai taken ƙasa, kada a katse mai jawabi, hukuncin mai ihu da mai kirari ya zama ɗaya. Sannan a ware wa shugaban marasa rinjaye lokacinsa bayan jawabin, ya tsaya ya faɗi inda kasafin ya gaza, a watsa kai tsaye kamar yadda aka watsa na shugaban ƙasa.