Koyar da Yara Sau da Rabawa: Jawabi ga Iyaye da Malaman Firamare na Kafanchan da Kewaye

Kafin 1 ga Janairu, 1973, duk mai ciniki a kasuwar Kafanchan sai ya riƙe a ka cewa kwabo 12 sule ɗaya ne, sule 20 kuma fam ɗaya. Da naira ta zo aka huta, domin kwabo 100 ne naira ɗaya. Shekara uku bayan haka, watau a 1976, aka soma shirin ba da ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa maƙil. Amma sauƙin kuɗi da yawan makarantu ba su kawar da wata tsohuwar matsala ba. Yaro yakan rera jadawalin sau tun daga biyu har sha biyu ba gargada, alhali in an aike shi sayen mudu 6 na acca sai ya tsaya yana zare ido.

Dalili kuwa shi ne an ba shi hadda tun bai gane abin da yake haddacewa ba. Lalle ne hannu ya riga baki. Malami ya sa kowane yaro ya zo da tsakuwa ko ƙwayar masara, ya kasa su kashi 4, kowane kashi guda 6, sa'an nan ya ƙirga da kansa ya sami 24. In ya juya, ya yi kashi 6 na hurhuɗu, 24 ɗin zai sake samu. Wanda ya ga haka da idonsa ya rage wa kansa kusan rabin wahalar jadawali. Rabawa ma a nan take, gama komawa baya ce kawai: a ba shi 24, a ce ya raba wa mutum 4.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne wajen saura. A ɗauki manomin citta a Kwoi ko Kachia, yana da buhu 23, amalanke kuma buhu 5 take ɗauka. A kan allo amsa ita ce 4, saura 3. A gona kuwa sawu 5 za a yi, don ba mai barin buhu 3 a daji. Yaron da bai gane wannan ba, ran da ya girma dillali ne zai yi masa lissafin amfanin gonarsa, kuma abin da dillali ya faɗa shi zai karɓa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a soma koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa. Saboda haka uwar da ba ta shiga aji ba kada ta ce wannan aikin malami ne kaɗai. Ko da Tyap, ko Jju, ko Hyam, ko Hausa, tana iya sa yaro ya kasa doya, ko ya raba wa ƙannensa ƙosai, ya faɗi nawa kowa ya samu, nawa kuma ya yi saura.