Ginin Ƙasa da Makomar Unguwanninmu

Mai girma magajin gari, sarakunanmu da masu unguwanni, malamai, iyayenmu mata, magina da matasan Kurni, ina gaishe ku.

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Da labarin ya bazu, mutane da yawa suka yanke hukunci cewa zamanin ginin ƙasa ya wuce, siminti da kwano ne mafita. Ina roƙonku mu sake zama a kan wannan hukunci.

Kowane magini a nan ya san ginin ƙasa yana da sharuɗɗa. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu kafin a yi tubali. Bango ya yi kauri daga gindi, ya dinga sirancewa zuwa sama. Azara ta giginya ce, don gara ba ta cin ta da sauƙi. Indararo ya jefa ruwa nesa da harsashi, makuba daga ɓawon ɗorawa ta kare fuskar bango, sannan a sabunta yaɓe kafin damina. Inda aka kiyaye waɗannan, gini yakan ga jikoki. Fadar Sarkin Damagaram shaida ce, haka ma tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2013. Kuma mai soro yana barci da bazara, lokacin da mai ɗakin kwano yake shimfiɗa a tsakar gida.

Turawan da muke kwaikwayo ba su jefar da ƙasa ba. A birnin Liyon na Faransa har yau ana zaune cikin tsoffin gidajen da aka gina da ita, kuma tun 1979 cibiyar CRAterre take nazarin ginin ƙasa a Girenobul. A gida Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da ake matsewa a inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu.

Gida kuwa ba ya tsira shi kaɗai. Kududdufin da kakanninmu suka haƙa don ɗiban ƙasa shi ke shanye ruwan unguwa. Idan aka cike shi da shara, aka yanka fili a kansa, ruwa zai nemi tsohuwar hanyarsa ta cikin ɗakunanmu, ko na ƙasa ne ko na siminti. Haka zaure: nan ake sauke baƙo, a sasanta maƙwabta, yara su yi karatun allo, iyali kuma su samu sutura. Sabon gidan da ya buɗe ƙofar ƙarfe kai tsaye kan titi ya rage wa unguwa wurin haɗuwa.

Abu uku nake nema. Ma'aikatar magajin gari ta hana yanka filaye a kan kududdufai da hanyoyin ruwa. Mai gini ya sa simintinsa inda yake da amfani, wato harsashi da magudanar ruwa, ya bar wa ƙasa bango. Mu kuma dasa giginya da ɗorawa. Manoman Matamaye, Magarya da Mirriya sun mayar da gawo cikin gonakinsu da hannunsu, don haka wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Ku dattawan magina, kowannenku ya ɗauki yaro ya koya masa tun bana, mu kuma masu gida mu biya ku haƙƙinku yadda muke biyan mai bulo. Allah ya ba mu damina mai albarka.