Yadda Za Ka Cire Wa Doki Tsoron Baƙon Abu

Yau zancenmu na doki ne.

Doki dabba ce da ke tsira da gudu. Idanunsa suna gefen kai. Yana hangen kusan ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa ko bayan wutsiyarsa. Leda ko laima ta kan sa shi zabura. Ranar hawan salla a Damagaram, cikin taro da yara, zabura ɗaya ta isa ta karya mutum. Bulala kuwa ba ta magani. Doki ya kan haɗa zafin dukan da abin da ya gani, sai tsoro ya ƙaru.

Akwai wata dabara daga Amurka. Wata mata, Karen Pryor, ta hori dabbobin teku da ita a shekarun 1960. Alexandra Kurland kuma ta rubuta littafi a kan horon dawaki da ita a 1998. Ana amfani da ɗan ƙarfe mai ƙara "ƙas" in an latsa shi. In ba ka da shi, harshenka ya isa, amma kar ka yi ƙarar da ka saba kora doki da ita.

Da farko ka koya masa ma'anar ƙarar. Ka yi "ƙas", nan take ka ba shi ɗan gero ko dussa a tafin hannu. Ka maimaita har ya gane: ƙara ta zo, abinci na biye.

Sannan ka kawo laima a rufe, ka tsaya nesa. Ya dube ta bai ja baya ba? Yi ƙara, ba shi lada. Ya miƙa hanci ya sunsuna? Yi ƙara. Lokaci shi ne komai a nan. Ƙarar ta fito daidai sa'ad da ya yi abin kirki. In ka makara har ya ja baya, to, ja da baya ka koya masa. In ya huci ya ɗaga kai, ka yi gaggawa ke nan. Koma nesa, ka sake. Buɗe laima sai wata rana.

Minti 5 ya isa a zama ɗaya. Doki mai cusa baki cikin aljihunka kada ya samu ko ƙwaya, sai ya kau da kai, don kar ya koyi cizo.