WASAN TSAKUWA DA ƘARFIN GONA

Tun da kaka ta yi, an kai auduga kasuwa, hannu ya sarara, yau mun zo muku da wani wasa. Ba caca ba ce. Wasa ne na nuna yadda gona ke gajiya, da yadda ƙarfinta ke komowa, gama gani ya kori ji.

Kowane mutum ya haƙa gurbi ɗaya a ƙasa kamar na dara. Gurbin nan shi ne gonarsa. Ya zuba tsakuwa 10 da 'ya'yan tsamiya 10 a ciki. Tsakuwa ita ce abincin da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda ake kira naitirojin, masu Faransanci su ce azot. Shi ne ke cikin takin yuriya: buhu mai kilo 50 yana da kilo 23 nasa. 'Ya'yan tsamiya kuwa su ne fosfat, watau abin da ke cikin takin supa, mai taimakon saiwa da 'ya'ya.

Zagaye ɗaya damina ɗaya ke nan. Ga dokokin:

Wanda ya shuka auduga, ko dawa, ko masara, ya fid da tsakuwa 3 da ɗan tsamiya 1.

Wanda ya shuka gyaɗa ko wake, ya kwashe 'ya'ya da harawa duka ya sayar, ba ya fid da tsakuwa, ba ya kuma ƙarawa. Amma ya fid da ɗan tsamiya 1.

Wanda ya shuka su ya bar harawa a gona, ya ƙara tsakuwa 2, ya fid da ɗan tsamiya 1.

Wanda ya shuka su ya binne da garma suna ɗanye, lokacin fure, watau takin ganye, ya ƙara tsakuwa 4. Amma bana ba shi da girbi.

Wanda ya kai takin dabbobi gona, ya ƙara tsakuwa 1 da ɗan tsamiya 1.

Doka ta ƙarshe: in ɗayan biyun ya ƙare, girbi ya faɗi, ko da ɗayan yana nan jibge.

Ku lura, waɗannan ƙididdiga na wasa ne kawai, ba awon gonar kowa ba ne. Abin da ke gaskiya shi ne inda kowace shuka ke karkata gona, gaba ko baya.

To, mu gwada. Ga mai son kuɗin auduga, yana shuka ta bana da baɗi a wuri ɗaya. Tsakuwarsa ta koma 7, ta koma 4, ta koma 1. Damina ta huɗu babu abin da zai fitar. Kun san irin gonar nan: ganye ya yi rawaya, itacen ya tsugune, buhu ya ƙi cika, ga bashin taki yana jira.

Ga kuma maƙwabcinsa. Ya yi auduga, saura 7. Ya yi dawa, saura 4. Ya yi wake ya bar harawa, ta koma 6. Ya kai takin shanu, ta koma 7. Sa'an nan ya komo wa auduga da ƙarfinsa.

Wani zai ce, ina wake ya samo abin da ya ƙara? Ku tuge gindin wake ko gyaɗa a hankali tsakiyar damina. Za ku ga 'yan gudaji-gudaji a jikin saiwa. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, ba ya aiki. A ciki akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke kamo naitirojin daga iska su ba shukar. Iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, amma auduga da dawa ba su iya cinsa daga can. A shekarar 1886 ne waɗansu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka bayyana wannan. Amma kakanninmu sun daɗe suna haɗa gero da wake, suna kuma barin gawo a gona, gama shi ma dangin wake ne, yana zub da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana.

Yanzu ku dubi 'ya'yan tsamiyar maƙwabcin nan. Wake bai ƙara ko ɗaya ba, ragewa ya yi. Fosfat ba ya zuwa daga iska. Hasali ma in ƙasa ba ta da shi, gudajin ba su yin aiki sosai. Saboda haka kada wanda ya ce tun da ya shuka wake ya huta da taki.

Abu na biyu, harawa. Mun san kuɗi ce, mun kuma san dabbobi na bukatarta da rani. To, in kun ba dabba, ku mayar da kashinta gonar da harawar ta fito. In kun sayar, ku sani kun sayar da tsakuwarku tare da ita.

Takin ganye kuwa ya fi kowa ƙarawa, amma a inda damina ɗaya ce yana cin shekara guda. Manoman kudancin Benin sun karɓi wata shuka mai yaɗo da ake kira mukuna a shekarun 1990, tana rufe ƙasa ta danne tofa, amma su damina biyu gare su. Ku fara da gefen gona da ya riga ya mutu, wanda dama ba ya ba ku kome. Ku tsare shi daga wutar daji.

Ku yi wasan nan da dare tare da 'ya'yanku har zagaye 8, kowa ya bi dabararsa, ku ga wanda gurbinsa zai daɗe. Sa'an nan kafin ruwan shuka kowa ya zauna ya raba gonarsa: nan auduga, nan dawa, nan wake. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.