Haƙƙin Wanda Aka Zalunta Yana Yaro



Maganar da na zo da ita yau mai nauyi ce, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Akwai waɗanda aka yi wa fyaɗe suna yara, tsoro da kunya suka rufe musu baki, har suka girma. To, ku sani girma bai shafe haƙƙinsu ba.

Ƙofa biyu ce a shari'a. Ta farko ita ce ƙarar laifi, wadda hukuma ke kaiwa don a hukunta mai laifin. Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya, wadda mai haƙƙi ke kaiwa da kansa, don a biya shi kuɗin magani da cutar da aka yi masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya tilasta wa mace sai ya biya ta sadakin irinta, ban da haddi. Dokar Tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta haɗa maza da mata, ta kuma umurci kotu ta yanke wa wanda aka yi wa fyaɗe diyya. Jihar Kebbi ta sa hannu a kan tata dokar a 2022. A Amurka ma, Jihar New York ta yi doka a 2019 wadda ta ba irin waɗannan mutane damar kai ƙarar diyya har su shekara 55.

Kada kuma a ɗauka wanda ya tsallaka iyaka zuwa Benin ya tsira. Tun 1984 akwai yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin Nijeriya da Benin da Togo da Gana.

Amma ƙarar diyya tana da wa'adi, saboda haka jinkiri hasara ne. Mai haƙƙi ya adana takardun asibiti, ya tuna wanda ya fara gaya wa, ya nemi lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi shawarar Hukumar Agajin Lauyoyi, wadda Gwamnati ta kafa a 1976 domin talakawa.

Ku iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta buɗe baki bayan shekaru, ku saurara, kada ku tsawata. Kunyar ta mai laifi ce.

Allah ya kiyaye mana zuri'a, amin.