Jinyar mai yaye kansa daga barasa

Jikin da ya saba da barasa kullum ba ya rabuwa da ita cikin sauƙi. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe sai hannu ya fara rawa, zufa ta yi ta karyowa, zuciya na tashi, barci ya ƙaurace. Jijjiga kan zo cikin kwana 2 na farko. Mafi haɗari shi ne ruɗewar da ke bayyana wajen kwana na 2 zuwa na 4: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, da ganin abin da babu shi. Wannan na iya kisa.

Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ke yawan auna bugun zuciya, hawan jini da zafin jiki, tana ba da diazepam gwargwadon tsananin alamun, bisa umarnin likita. Bitamin B1 wajibi ne, kafin ruwan suga ko tare da shi, don kare ƙwaƙwalwa. Ɗakin ya zama shiru, da haske, ana kula kada majinyaci ya faɗi.

Kunya kan sa wasu ɓoye shan da suke yi, har sai sun ruɗe a gadon asibiti. Tambaya cikin mutunci, ba tsangwama, ita ke sa su faɗi lokacin shan ƙarshe, kuma da shi ake lissafin awannin haɗari.