Jawabi a kan burtali da hurumin kiwo

Allah ya ja zamanin sarakunanmu da masu gari da ardo-ardo da ke nan zaune. Yau maganar burtali ce ta tara mu, wato hanyar da bisashe ke bi daga makiyaya zuwa mashaya, kuma daga kudu zuwa arewa idan damana ta faɗi.

Kowa ya san burtali ya ƙuntata. Dalili kuwa a fili yake. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanen ƙasar ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17. Baki ya ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Saura da ake bari gona ta huta ta ɓace a wurare da yawa. Kowace shekara sai mai gona ya ci kunya ɗaya ko biyu daga gefen burtali, har a wayi gari garke ba ya iya wucewa sai ya taɓa hatsi. Ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka kashe dabbobi masu yawa, suka sa makiyaya da dama suka kama noma, manoma kuma suka sayi bisashe. Yanzu kusan kowane gida yana bukatar gona, yana bukatar ciyawa.

Mun ga inda wannan matsi ke kai mutane. A 1991, a Toda cikin jihar Maradi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari, galibinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya hana mu sake ganin irin wannan rana.

To me doka ta ce? Tun 1961 an shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke arewa da wannan iyaka ƙasar kiwo ce, kuma wanda ya yi gona can, in dabba ta ci, babu diyya. A 1993 aka kafa kundin dokokin karkara. Shi ya ce makiyayi yana da haƙƙin fifiko a wurin da ya saba zama da dabbobinsa, amma ba zai hana baƙo ruwa da ciyawa ba. A 2010 kuma aka yi doka ta musamman a kan kiwo, wadda ta tabbatar cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Burtali da hurumin kiwo da mashaya dukiyar kowa ce, ba a nome su, ba a sayar da su, ba mai gadonsu.

Amma jama'a, takarda ba ta tsare burtali, mutane ke tsare shi. Don haka aka kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, a gari da karamar hukuma da gunduma. A ciki akwai mai gari, da wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata. Ku tabbata wakilinku yana zuwa taro. In ba ku zauna ba, a bayan idonku za a yanke.

Ga abin da muke roƙo. Kafin ruwan shuka, ku fita tare da Kofo ku bi burtalinku da ƙafa, a ga inda aka ci, a maida iyaka. Inda aka kafa turakun siminti, kada a tumɓuke su. Inda babu, a dasa aguwa ko wani icce da zai zama shaida. A sa komai a rubuce, kowa ya sa hannu.

Ku makiyaya, kada ku ba ƙananan yara babban garke a lokacin da hatsi ke tsaye, kuma kada ku yi kiwon dare kusa da gonaki. Da kaka ku jira ranar da hukuma ta sanar ta sakin gonaki. Ku manoma, ku kwashe hatsi da wake da harawa kafin wannan rana, kada ku bar dami a fili ya zama tarko.

In ɓarna ta auku, kada a ɗauki sanda ko takobi. A kai magana wurin mai gari ko sarki, a je a duba gonar da shaidu na ɓangarorin biyu, a ƙiyasta asara, a rubuta sulhu. Sai sulhu ya gagara ake zuwa gaban alƙali.

Kuma ku tuna, kakanninmu sun yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Garke ya kwana a gona da rani ya bar taki, mai gona ya ba da hatsi da kara, a samu nono a gida. Ƙasarmu ta jigawa ta gaji, kuma takin zamani yana da tsada. Manomin da ya toshe burtali ya toshe hanyar takin gonarsa, kuma gobe nasa awakin ma za su rasa ta inda za su bi zuwa rijiya.

Wanda ke da ƙara ko tambaya, ya zo ofishin ma'aikatar kiwo mafi kusa, ko ya ga sakataren Kofo na garinsu. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara yawan garke, ya zaunar da mu lafiya.